Magen Nirmin da Angon Basant

Tun da Abla Fikriyya ta miƙo mata takardar Nirmin ta ji gabanta ya faɗi, ba ta ma karanta ba tukuna.

"An samu mai son Loza," in ji Abla, tana ture wani gurgun kare da ke neman sace mata burodi. "Kai Antar, wallahi zan ci mutuncinka! Gobe bayan la'asar za ki je ki duba gidan. A unguwar Samuha yake, hawa na shida."

Shekarar Nirmin huɗu tana aikin sa-kai a wannan gidan dabbobi da ke bayan garin Iskandariyya na ƙasar Masar, wanda Abla Fikriyya ta buɗe bayan ta bar koyarwa. Babbar dokar gidan ita ce, duk abin da ya shigo da rai ba a kashe shi, komai tsufansa, komai ciwonsa. Ta biyu kuwa, dabba ba ta fita sai wanda ya yi riƙonta ya taka da ƙafarsa ya ga gidan da za ta, ya sa hannu. In ya ce a'a, ko Abla ba ta da ta cewa.

Loza kuwa Nirmin ce ta yi riƙonta. 'Yar kyanwa ce da ta tsinta a kwali bayan kasuwar kifi, ido ɗaya ya ruɓe, ko kuka ba ta iya yi. Wata bakwai tana ɗakin Nirmin a unguwar Bakus, da sirinji ta shayar da ita madara har ta zama mage. Wanda ya cire idon ya ɗinke wurin kuwa Dokta Hazim ne, likitan dabbobin da ke zuwa taimaka musu duk Juma'a.

Hazim ɗin nan dai da shekara biyu ke nan ita da shi ba wanda ke iya barci bai ji muryar ɗan'uwansa ba.

Ta duba takardar. Mai nema: Basant Adil. Wanda ya san mai nema: Dokta Hazim.

Sai da ta nemi buhun abincin karnuka ta zauna.

Ta san sunan. Sau ɗaya Hazim ya taɓa ambatarsa, yana dariya, wai 'yar maƙwabciyarsu ce da mahaifiyarsa ke ta kwaɗaita masa. Shi ya yi dariyarsa ya manta, ita kuwa sunan ya zauna mata a rai tun ranar.

Mahaifiyar tasa, Tant Nawal, wato Inna Nawal, sau ɗaya ta taɓa ganin Nirmin. Ta zo ɗaukar ɗanta ne ta tarar da ita da takalmin roba da shebur tana kwashe kashin karnuka. Ta dube ta sama da ƙasa, ta tambayi aikin babanta. Da ta ji direban tiram ne, jirgin ƙasan cikin gari, sai ta juya ga ɗanta ta ce a gabanta, "In na mutu ka kawo mini mai warin kare gida. Ina raye dai ba za a yi ba."

Tun ranar maganar Hazim ɗaya ce. "Ki ba ni lokaci, Nirmin, ina lallaɓa Mama." Lokacin kuwa an ba shi har ya yi yawa. Juma'a biyu ke nan ma bai leƙo ba, wai aiki.

"Abla," ta ce, "ki tura wani."

"Wa ya yi riƙon Loza?"

"Ni ce."

"To ke za ki. Ni na kafa dokar, ba ni zan karya ta ba don kin ga sunan da bai yi miki daɗi ba." Abla ta sassauta murya. "'Yata, na san abin da ke cin ki. Amma wata bakwai ba wanda ya ko ɗaga magen nan saboda idonta. Ki je ki duba taga da baranda. Fuskar yarinyar ba ta cikin abin da na aike ki dubawa."

Nirmin ta kira Hazim sau uku a hanyar gida. Bai ɗauka ba.

Washegari ta shiga tiram da niyya guda, kuma ba sai an ɓoye ba: laifi za ta nema. Ko ƙusa ɗaya ta gani a karkace, ta samu abin rubutawa. Ta canja mayafi sau uku kafin ta fito, ta shinshina hannun rigarta a matakala har sau biyu, sannan ta ji haushin kanta da ta yi hakan.

Basant ce da kanta ta buɗe mata ƙofa.

Da ma a ce mummuna ce. Da ma a ce mai girman kai ce. Ina! Doguwa ce, mai sanyin fuska, ga murmushi har kunne kamar ta ga 'yar'uwarta da ta daɗe a tafiya.

"Ke ce Nirmin? Ke kika raini Loza? Shigo, shigo, wallahi tun safe nake leƙen titi!" Ta rungume ta, ta sumbaci kumatunta biyu. Wani ƙamshi mai taushi ya bugi hancin Nirmin, nan take ta ce a ranta, wato wannan ne ƙamshin da ake so a kai wa Tant Nawal gida.

"Aiki na zo yi," ta ce a daƙile. "Zan fara da tagogi."

"Bismillah, gidanki ne. Mama ta sa hannu tun jiya, ta fita wajen tela."

Ta fara. Kowace taga an sa mata ragar ƙarfe sabuwa fil. Ta sa yatsa ta ja da ƙarfi ko za ta ɓalle, ba ta ko motsa ba. Ta fita baranda, an rufe ta da raga tun daga ƙasa har sama, teku na can yana ƙyalli ta tsakanin benaye. Ta durƙusa ta leƙa bayan injin wanki, an toshe ramin da katako. Ta buɗe kabad ɗin magungunan goge ƙasa, duk an mayar da su can sama an kulle.

"Furanni fa?" ta tambaya da ɗan guntun fata a ranta. "Akwai waɗanda in mage ta lasa sai mutuwa."

"Na karanta. Duk na kai wa maƙwabta, har wanda Baba ya shuka kafin ya rasu."

Nirmin ta ciji leɓe. Shekara huɗu tana duba gidaje ba ta taɓa shiga wanda ya kai wannan ba, kuma ba ta taɓa shiga wanda ta tsana kamarsa ba.

"Kin san ido ɗaya gare ta? Tana karo da ƙafar kujera. Tana amai a kan kafet. In ta ji tsoro cizo take yi."

"Na sani. Idon ne ma ya sa nake son ta."

"A ina kika gan ta?"

Basant ta sunkuyar da kai tana murmushi. "A wayar Hazim. Hotonta ne a fuskar wayar, tana kwance a hannun wata. Kullum in ya ajiye wayar sai na ɗauka na yi ta kallo. Bai ma san na nema ba, mamaki nake so in ba shi."

Nirmin ta san hoton. Ranar da aka cire wa Loza zaren ɗinki aka ɗauke shi, kuma da fuskarta a ciki tana dariya. Wato ya yanke fuskar ya bar hannu. Kuma wayar da ita ba ta taɓa riƙewa ba, wata na ɗauka ta yi ta kallo duk sanda ta ga dama.



Suna zama a falo ke nan aka turo ƙofa ba ƙwanƙwasawa. Tant Nawal ce, da farantin alewar kunafa a hannu, ta shigo shigar wadda ta saba da gidan.

"Basant 'yata, ga wannan ki ɗanɗana tun da zafi..."

Idonta ya faɗa kan Nirmin. Ta ɗaure fuska. Amma tsohuwar hannu ce, nan da nan ta gyara fuska.

"Baƙuwa kika yi?"

"Daga gidan dabbobin su Hazim take, Tant. Mage zan ɗauko."

"Allah Sarki. Sannu yarinya." Ta zauna a kujerar da ta fi nisa da Nirmin, ta tattare bakin rigarta.

"Sannu, Tant," in ji Nirmin. Ta buɗe takarda, ta shiga jero tambayoyi kamar mai karanta jarida. Su wa ke zaune a gidan? Wa zai kula da ita in an yi tafiya? Akwai likita kusa? Basant na amsawa tiryan-tiryan, har aka zo tambaya ta tara.

Abla Fikriyya ba ta saka wannan tambaya don gulma ba. Rabin magunan da ke gidanta daga ɗakin amare aka dawo da su. Yarinya za ta ɗauki mage tana budurwa, ana sa ranar aure ango ya ce ba ya son gashi a kujera, ko uwar miji ta ce mage na hana haihuwa, sai a wayi gari an ajiye ta a bakin bola. Shi ya sa doka ta ce in akwai maganar aure, sai an kira mijin an ji ta bakinsa a gaban mai nema.

Nirmin ta daɗe tana kallon layin. Tana iya tsallake shi, ba wanda zai sani. Amma zuciya mai kishi ba ta iya barin ƙofa a rufe, ko ta san abin da ke bayanta zai kashe ta.

"Akwai maganar aure a kanki?"

Basant ta rufe fuska da tafin hannu. Tant Nawal ce ta amsa, tana kallon Nirmin ido cikin ido.

"An karanta Fatihar baiko ranar Alhamis. Ita da ɗana. Zobe kuma bayan sallah, in Allah ya kai mu."

Alhamis. Ranar Alhamis ɗin da ya turo mata saƙo wai yana tiyatar wani doki, kada ta jira kiransa.

Biron ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ta sunkuya ɗaukowa, ta ɗan daɗe a can ƙasa fiye da yadda ɗaukar biro ke bukata.

"Allah ya sanya alheri," ta ce da ta ɗago. "To sai a kira shi. Doka ce."

"Wace irin doka?" Tant Nawal ta zabura. "Likita ne, yana aiki. Kuma maganar mage ai ta kafin biki ce. Mai neman haihuwa ba ta zama da mage a ɗaki, in lokaci ya yi a ba mai gadi."

"Haba Tant! Hazim da kansa ya ce wannan maganar ba gaskiya ba ce." Basant ta riga ta danna waya, ta sa ta a sifika, ta ajiye a kan tebur kusa da kunafa.

Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Gimbiyata, yanzu nake tunaninki."

Nirmin ta runtse ido. Ko sunan bai canja ba.

"Hazim, kada ka yi fushi, na yi maka ɓoyo," in ji Basant tana dariya. "Loza na nema! Ga mai duba gida nan tana da tambaya. Tant ma na nan."

 

"Dokta Hazim," in ji Nirmin, "daga gidan Abla Fikriyya ne. Ka san tambayoyin, kai ma ka sha yi wa mutane. An ce kai ne za ka auri mai nema. Haka ne?"

"Nir... wato... ina ganin a bari in na taso aiki..."

"Haka ne ko ba haka ba ne?"

"Amsa mata mana, Hazim," in ji Tant Nawal. "Tana da sauran gidajen zuwa."

Ya sauke numfashi. "Haka ne."

Ta yi alama a takarda. 

"Ka yarda mage ta zauna a gidanka?"

"Na yarda."

"In wani daga danginka ya ce a fitar da ita fa? Don yanzu a gabana mahaifiyarka ta ce mai gadi za a ba."

"Ba za a kai ga haka ba. Mama ce, na san ta. Zan lallaɓa ta, lokaci kawai ake bukata."

Dariya ta ƙwace wa Nirmin, wata iri mai ban tsoro, hawaye na bin bayanta. Ta sa bayan hannu ta share, wasu suka zubo.

Basant ta daina murmushi. Ta dubi Nirmin, ta dubi Tant Nawal da ta ƙura wa bango ido, ta dawo ta dubi hannun Nirmin da ke riƙe da biro. Ta daɗe tana kallon hannun, da ɗan tabon yaƙushin da ke gindin babban yatsa.

"Hannunki ne a hoton," ta ce a hankali. Ta jawo wayar. "Hazim, wace ce ita a wurinka?"

Nirmin ta ƙura wa wayar ido. Shekara biyu take jiran ranar da za a yi masa wannan tambaya a gaban uwarsa. Ko yanzu, ko da Fatihar, ko da komai, kalma ɗaya za ta ishe ta. Wallahi da ta yafe.

"'Yar sa-kai ce a gidan Abla," in ji shi. "Muna aiki tare. Shi ke nan."

"Kin ji ko," in ji Tant Nawal. "Ci kunafarki, 'yata."

"Shi ke nan?" Nirmin ta matso bakin tebur, muryarta ta karye. "Hazim, shi ke nan? Ni ce shi ke nan? Mutum uku suka zo wurin Babana, ɗaya har da iyayensa da kwalin alewa, na ce ba na so. Babana ya yi sati biyu bai yi mini magana ba. Mamata kullum sai ta ce, ina likitan naki, yaushe zai shigo ta ƙofa kamar 'ya'yan mutane? Ni kuwa ina ta kare ka. Ina cewa yana lallaɓa mahaifiyarsa, ku ba shi lokaci."

"Nirmin, don Allah, ba nan ne wurin..."

"Ina ne wurin? Jiya sau uku na kira ka. Ita bugu ɗaya! Ka yanke fuskata a hoto ka miƙa mata wayar tana kallo. Da ka faɗa mini ranar Laraba, wallahi da na yi kukana na haƙura. Amma ka bar ni na hau bene hawa shida na zo ina jan ragar tagar amaryarka da yatsa!"

"Ke yarinya, ki san inda kike!" Tant Nawal ta miƙe. "Nan ba kejin karnuka ba ne."

"Na sani, Tant. Can ba a yi wa kowa haka."

Ta zauna. Ta jawo takardar, ta share ido don ta ga layi. A ƙasa akwai gurbin ra'ayin mai riƙo. Ta tsaya da biro a sama tana tambayar kanta tsakani da Allah: don Loza za ta rubuta, ko don kanta? Ta nemi amsar ba ta samu ba, abin ya cakuɗe. Abu ɗaya dai ta tabbata da shi, ta san inda lallaɓar Hazim ke ƙarewa, kuma ba za ta sake tsintar Loza a kwali ba.

Ta rubuta, ta sa hannu, ta tura wa Basant.

Basant ta ɗauka ta karanta a fili, wayar na buɗe.

"Gida ya yi. Mai nema ta yi. Ango bai yi ba."

"Kishi ne!" in ji Tant Nawal. "Kishi ne tsagwaronsa! Zan kira shugabar taku."

"Kishin akwai, Tant, ba zan yi ƙarya ba, yana nan yana cin raina," in ji Nirmin tana rataya jaka. "Amma ki kira ta. Ki maimaita mata maganar mai gadin."

Ta nufi ƙofa. 

"Nirmin."

Basant ce. Tana tsaye da takardar a hannu, idonta ya cika da ruwa amma muryarta ba ta rawa ko kaɗan.

"In babu angon fa?"

"Me kika ce?"

"In babu ango a takardar. Za ki ba ni ita?"

Tant Nawal ta dafe ƙirji. "Basant! Kin haukace ne? A kan mage mai ido ɗaya?"

"Ba a kan mage ba ne, Tant, kin fi ni sani. Nirmin, ke nake tambaya."

"In babu shi," in ji Nirmin da ƙyar, "ki zo Asabar da kwando."

Ya kamata ta ji sanyi. Ba ta ji ba. Wani kishin ne ma sabo ya soke ta, wanda ya fi na ɗazu zafi. Mutumin da ta ƙi maza uku saboda shi, wanda ta yi shekara biyu tana roƙon Allah a kansa, ga wata an ba ta shi a faranti, tana juya shi a hannu tana shawarar ko ta ajiye.

Wayar da ke kan tebur ta ɗauki ƙara, muryar Hazim ta cika falon, a gigice, irin yadda ba ta taɓa jin ta ba.

Nirmin ta tsaya da hannunta a kan mariƙin ƙofa. Ta ƙi juyawa, ta kuma kasa fita.

"Don girman Allah ki saurare ni," yake cewa. "Kada ki yanke hukunci cikin fushi. Ga ni nan zuwa yanzu, yanzun nan zan bar komai in taho. Ba zan iya rasa ki ba. Kina ji na? Basant? Basant!"

Ta buɗe ƙofar ta fita, ta jawo ta a hankali don kada ta yi ƙara.